Gumbar Mai Rai

Tun ranar da Malam Al'amin ya ce sai an yi wa mahaifin Salisu sadaka kafin a sa ranar aurensa da Nafisa, abinci ya daina zama a cikin Salisu.

Dalili kuwa shi ne, mahaifin nan da za a yi wa addu'ar mamaci yana nan da ransa. Yana can wani ƙauye bayan Gabi yana noman geronsa, idan damina ta kawo kai ya yanka jan zakara a gindin tsamiya, yadda ubansa da kakansa suka yi. Sunansa Ɗanbaba. Arne ne, bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ɗansa ne ya ɓoye.

Sunan Salisu na gida Arziki. Yana saurayi ya tafi ci-rani Katsina, can ya koyi gyaran injin ban-ruwa, can kuma ya musulunta da zuciya ɗaya, ba wanda ya tilasta shi. Da ya dawo bai wuce gida ba, ya kafa 'yar rumfarsa a Madarumfa kusa da tabki, yana gyara wa masu lambu moto-pompi. Mai injin da ya ƙi tashi ba ya tambayar asalin mai gyara, don haka ya zauna lafiya.

Har ya ga Nafisa.

Ranar da ya fara zuwa gaishe da mahaifinta, Malam Al'amin, ya tarar da zauren cike da dattawa, hirar arna ake yi. Wani ya ce shi ko ruwan randarsu ba ya sha. Wani ya ce ai jinin tsafi ba ya wankuwa har jika. Aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta gama sauka ba Malam ya juyo ya dube shi.

"Samari, ɗan wane gida ne? Mahaihi na nan?"

"Allah ya yi mishi rasuwa, Malam."

Haka maganar ta fito, ba shiri, kamar atishawa. Malam kuwa mutum ne mai taushin zuciya, nan take ya ji tausayin yaron da ba shi da kowa, ya jawo shi jiki yana ce masa ɗana. Da zaginsa aka yi ranar, da ya fi masa sauƙi.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to a kan Salisu aka yi karin maganar. Duk kalmar da zai faɗa sai ya juya ta a baki tukuna, kada harshen ƙauyensu ya leƙo. Ranar kasuwa, da yake mutanen Gabi suna shigowa, sai ya rufe rumfa ya nufi lambun da ya fi kowanne nisa. Idan aka yi ba'ar arna a majalisa, dariyarsa ce take fin ta kowa ƙarfi, daga baya ya zaga bayan rumfa ya yi ta kakarin amai. Wanda duk ya dube shi sau biyu, ya yini yana tunanin me ya gani.

Abin da ya fi ci masa rai ita ce sallarsa. Da can ita ce wurin hutunsa. Yanzu shi ne farkon shiga masallaci, shi ne ƙarshen fita, amma ya daina sanin ko don Allah yake yi ko don idon mutanen da ke bayansa. Uban nasa ma ya kasa yi masa addu'a. In ya ce Allah ya jiƙansa ya yi ƙarya a gaban Allah, in ya ce Allah ya ƙara masa lafiya sai ya waiga ya ga wa ya ji, ko da shi kaɗai ne a ɗaki.

Likita ya ce gyambon ciki ne, ya rubuta masa magani. Maganin ya yi iya yinsa.

Saura kwana kaɗan a yi sadakar, ya je wurin Nafisa da la'asar. Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ta zauna a gefe tana ƙare masa kallo. Ita ba ta iya rufa-rufa ba, abin da ke ranta shi ke bakinta, kuma wannan halin ne ya fara jan sa gare ta. Yanzu shi ne yake ba shi tsoro.

"Wai kai mi ke cin ka ne? Dubi wuyanka, kamar na tsohon zakara."

"Aiki ne. Bazara ta yi, kowa injinshi na tari."

"Aiki bai hana mutum dariya. Rabon da in ga haƙoranka har na manta ko kana da su."

Ya yi ɗan murmushi don ta ƙyale shi. Ba ta ƙyale shi ba, sai dai ta sauya magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Inna yau ma ba ta amsa gaisuwata ba. Tac ce Yaya Kabiru ɗan wanta ne, an san ubanshi, an san kakanshi, ga canjin kuɗi yana yi garin Ɗan Issa, ga mota. Ni kuwa na liƙe ma wanda ko kare bai biyo shi daga garinsu ba."

"Kin ce mata mi?"

"Na ce mata maraici ba laihi ba ne. Manzon Allah ma maraya ne."

Salisu ya ji kamar an soka masa tsinke a ƙahon zuci. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Gumbar sadakar ma ni zan daka da hannuna," in ji ta. "Na ce kada kowa shi taɓa mini turmi. Tunda Allah bai nuhe ni da ganin surukina ba, ko wannan in yi mishi. Yaya yake ne? Dogo ne kamarka? Yana da hwaɗa?"

"Nafisa."

"Na tabbata mai haƙuri ne. Ai ɗa ba ya..."

"Ki bar tambayata mamaci!"

Tsawar ta fito da ƙarfin da shi kansa bai zata ba. Wata mata da ke wucewa da tulu ta waigo. Idanun Nafisa suka ciko, hawaye ya gangaro ba ta share ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce a hankali. "Na manta ciwon bai warke ba."

Ita ce ma take ba shi haƙuri! Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro, ya buɗe baki, ya dubi fuskarta mai cike da yarda, sai ya haɗiye. Ya ce ta yafe masa, kansa ke ciwo. Ya tashi ya tafi, bai ko sha ruwan da ta ajiye masa ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, wannan karon bai samu guduwa ba, don ya warware wani inji a rumfa kuma mai shi yana jira. Yana durƙushe yana goge buji, wato filogin injin, sai ya ji an ce daga bayansa:

"Yaya Arziki."

Bujin ya suɓuce ya faɗa cikin yashi. Kande ce, ƙanwarsa, goye da ɗa, da ƙwaryar gyaɗa a ka. Ya miƙe da sauri ya ja ta bayan rumfa, wajen da ciyawar bakin tabki ta kare su.

"Ban hana ku zuwa nan ba? Ban ce kada a kira ni da wanga suna ba?"

"To da wane zan kira ka? Shi Inna ta raɗa maka kahin ta mutu." Ta sauke ƙwaryar. "Albishir na kawo maka, ka bar hararata. Baba ya ji kana neman aure. Ka san shi, bai kama sunanka ba, wancan na bakin ruwa yac ce. Ya ware maraƙi, ya ware damman gero. Yac ce ba a yi ɗan farin da za ya yi aure ubanshi na zaune kamar kututture ba."

Salisu ya waiga ya ga ko wani na jin su.

"Wa ya gaya mishi?"

"Wani mai mota ne ya zo, mai ƙamshin turare, yana ta tambaya gida gida. Yac ce abokinka ne daga Ɗan Issa. Yac ce za ya dawo shi ɗauki Baba shi kawo shi, a gaisa da surukai."

Kabiru. Ba sai an faɗa masa ba.

"Kande, ki koma yanzu ki ce ma Baba kada shi biyo shi. Kada shi zo garin nan."

"Don mi?"

Salisu ya kau da kai. Can cikin tabki wani masunci yana jan komarsa, ya zuba masa ido kamar shi zai ba da amsar.

"Na ce don mi?"

"Na gaya musu ya mutu."

"Wa ya mutu?"

Kande ta dube shi, ta sake dubansa, sannan ta dafe ƙirji ta ja da baya kamar ta taka wuta.

"Baba? Baban da ranar da ka aiko ka shiga salla bai ce uffan ba? Yac ce kowa da ruwan da ke kashe mishi ƙishi. Har buta ya saya ya aje a ɗakinka, wai in ka zo kada ka rasa. Tana nan, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Shi ka kashe?"

"Ba ki san mutanen ga ba, Kande. In sunka ji, ba Nafisa kaɗai zan rasa ba. Ba wanda za ya ƙara kawo mini inji, ba wanda za ya tsaya kusa da ni a sahu."

Kuka take yi yanzu, yaron da ke bayanta shi ma ya kama. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka.

"Wagga magana ba ni kai ta. Bakina bai ɗaukar ta. In kana so Baba shi san ya mutu, ka je ka gaya mishi da kanka."

Ta wuce. Da ya dawo rumfa mai injin ya tambaye shi wace ce wannan mai kuka. Ya ce wata mai tallar gyaɗa ce, an cuce ta a kasuwa.

Ya yi niyyar zuwa ƙauyen, Allah ya sani ya yi. Har ya zuba isansi, wato fetur, a babur ya hau hanyar Gabi, ya kai rabi, ya tsaya ya juyo. Me zai ce wa tsohon? Sai ya koma lallashin kansa cewa wataƙila Kabiru barazana yake yi.

Ranar sadaka aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam. Malamai suka sauke Alƙur'ani, bayan la'asar aka fito da faifan gumba da akusan waina. Malam ya zaunar da Salisu a damansa, ya ɗaga hannu yana roƙa wa mamaci rahama, Allah ya yalwata kabarinsa, ya sa ya huta. Jama'a na amsawa, Salisu na motsa leɓe. Zufa ta jiƙe masa riga sharkaf, mutane suka ɗauka kewar uba ce.

Ana shafawa motar Kabiru ta tsaya a bakin layi.

Kabiru ya fito cikin shadda mai maiƙo, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Tsoho ya sauko a hankali. Sabuwar riga ce a jikinsa, har linkin ajiya bai sake ta ba, ga wani ɗan ƙulli a hannunsa. Ya ƙara tsufa, ya ɗan ranƙwafa. Ɗanbaba ne, ubansa.

"Barkanku da taro," in ji tsohon. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma.

Baƙo ne, don haka aka miƙa masa dunƙulen gumba kamar kowa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya wajen na kusa da shi.

"Sadakar wa ake?"

"Ta mahaihin wancan yaron, Salisu, surukin Malam. Ya jima da rasuwa, sai yau Allah ya nuhi a yi mishi."

Hannun tsohon ya tsaya a inda yake, tsakanin cinya da baki.

Sai Kabiru ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji.

"Baba Malam, a gahwarce ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanga tsoho sunanshi Ɗanbaba, arne ne, shi ke yanka ma tsamiya a garinsu. Wanda kuka zaunar a damanku kuwa ɗan farinshi ne. Yau an tara malamai an yi ma arne mai rai saukar Alƙur'ani. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Malam ya juyo ya dubi Salisu, sannan ya dubi tsohon.

"Baba, ka san wanga yaro?"

Abin mamaki, a daidai lokacin nan abin da Salisu ya ji a ransa sauƙi ne. Ya gaji. Ya ce a zuci, faɗa musu Baba, faɗa a huta.

To akwai al'adar da duk dattijon da ke wurin ya sani. Uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya kuma haɗa ido da shi, kunya ce da aka gada, a ƙauye kuwa har gobe ba a wasa da ita. Tunda aka haifi Salisu bai taɓa jin sunansa a bakin Ɗanbaba ba. Ko ciwo yake yi, sai dai tsohon ya tsaya a ƙofar ɗaki yana duban bango ya ce, mai zazzaɓin ya ci abinci?

Ɗanbaba ya ɗago kai. Ya zuba wa ɗansa ido, cikin ido, ya daɗe yana kallo ba ƙiftawa, yadda ake kallon baƙon da aka haɗu da shi a tasha.

"Salisu kake, ko?" ya ce, muryarsa ba ta ko rawa. "Ban san ka ba, Salisu. Nau ɗan ya tahi ci-rani, bai dawo ba tukuna. Yaron ga mai mota yac ce za ya kai ni wurinshi. Ya yi ɓatan kai."

"Ƙarya yake!" in ji Kabiru. "Wallahi ƙarya yake, shi da bakinshi..."

"Rufe muna baki!" Malam ya daka masa tsawa. Ya juya ga jama'a. "Ku da kuke nan, kun taɓa ganin uba ya tsura ma ɗan farinshi ido haka? Kun taɓa jin ya kama sunanshi tsakiyar mutane?"

Dattawa suka girgiza kai, aka shiga salati da tir. Wani ya ce son mace bai kai a ɗauko tsohon mutane a ci masa mutunci ba. Kabiru ya tsaya yana rantse-rantse, ba mai saurarensa.

Shi kuwa Ɗanbaba ya dubi gumbar da ke hannunsa.

"Tunda an ba ni, ba a maida sadaka."

Ya gutsura ya kai baki. Ya ci a hankali, yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa, har ya cinye tas, ya karkaɗe hannu. Salisu yana zaune yana kallo. Ƙafa uku ce tsakaninsu, bai motsa ba.

"Allah shi kai ma mai ita," in ji tsohon. Ya sa takalminsa. Malam ya ce a sa kabu-kabu ya kai shi tasha, ya ce a bar shi, ƙafarsa ta san hanya. Ya ɗauki ƙullinsa ya bi layi har ya sha kwana, bai waigo ba.

Mutane suka yi ta zuwa suna dafa kafaɗar Salisu suna ba shi haƙuri. Yana amsawa, yana godiya, bai san me yake faɗa ba.

Rana ta yi ja aka ce masa Nafisa na kira a lungun bayan gida. Ya tarar da ita tsaye jikin katanga, idanunta sun kumbura. A hannunta akwai ƙullin nan na tsohon.

"Na ga ya ci gumba ba ruwa," ta ce ba tare da gaisuwa ba. "Sai na bi shi da moɗa ta ƙohwar baya. Na iske shi bayan kwana, zaune ƙasa, ya kihwa kai ga gwiwa. Tsoho, Salisu, yana kuka ba sauti."

Salisu ya jingina da katanga.

"Ya sha ruwan. Yac ce, ke ce yarinyar? Na ce ni ce. Ya miƙo mini wanga, yac ce goron gaisuwar surukai ne, ba ya komawa da shi. Sannan yac ce, tun yana ƙarami in abu ya dame shi ba ya cin abinci, ki riƙa matsa mishi." Muryarta ta karye. "Wanda bai san ka ba, ina ya san haka?"

"Nafisa..."

"Da hannuna na daka ta! Tun safe nake daka, ina zuba sukari ina yi mishi addu'a. Ka bar ni na daka ma mai rai gumbar mutuwarshi, ka zauna kana kallo ya ci."

Sai ya sulale ya durƙusa a gabanta, kukan da ya daɗe yana riƙewa ya ƙwace.

"Ba ki san abin da nake ciki ba. Ko barci nake ina gadin bakina, kada in yi mafarki in kira sunan garinmu. Ina zaune cikin mutane kamar ɓarawo, ban saci komi ba. Na yi dariya an zagi ubana, na hi kowa dariya. In kin ce kina so na, sai in ji da wani kike, wani maraya da babu shi. Ni kaina na daina sanin wane ne ni cikin biyun."

"Mi ya hana ka gaya mini? Ni kaɗai?"

"Da na hwaɗi, da Malam ya ba ni ke?"

Ta share fuska da gefen hijabi. Ba ta iya ƙarya ba ko a nan.

"Ban sani ba. Wataƙila a'a. Inna kam da har guɗa ta yi. Ni kaina da na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba, haka aka tashe mu. Amma da na yi kukana na gama, na tsaya bayanka. Ai ba kai ka zaɓi gidan da anka haihe ka ba." Ta dubi ƙullin goron. "Abin da nake tsoro yanzu daban ne. Mutumin da ya iya zama ya kalli abin da ka kalla yau bai tashi ba, ni ranar da na zame mishi abin kunya, ya za ya yi da ni?"

"Wallahi ba zan taɓa..."

"Kada ka rantse. Na gaji da jin rantsuwa yau."

Daga cikin gida aka jiyo muryar Inna tana faɗa, ana ba ta baki.

"Malam na kiranka zaure," in ji Nafisa. "Za ya sa rana, don shi wanke maka abin da Yaya Kabiru ya yi. Ni ba zan tona ka ba. Tsohon nan ya ruhwa maka asiri da abin da ya hi ƙarhina, ba ni zan buɗe ba. Amma in ka hito zauren nan ba ka hwaɗi gaskiya da bakinka ba, gobe zan ce ma Malam na hwasa, kuma ba wanda za ya ji dalili."

"In na hwaɗa ya kore ni fa?"

"In ya kore ka, ina nan. Zan yi ta yi mishi kuka har shi gaji, ko shekara nawa ne. Wannan na iya." Ta matse ƙullin a ƙirjinta. "Ina bayan ƙyauren zaure. Zan ji."

Malam Al'amin yana zaune shi kaɗai a kan buzu, carbi a hannu. Da ya ga Salisu sai fuskarsa ta saki, ya nuna masa wuri kusa da shi.

"Zauna, ɗana. Yau an ci maka mutunci a ƙohwar gidana, an haɗa ka da abin da ba ka ji ba ba ka gani ba. Ka yahe muna. Ni na san ɗan asali in na gan shi. Na yanke shawara, bayan babbar salla za a ɗaura, ƙanena Bala shi za ya tsaya maka a matsayin uba."

Salisu ya dubi ƙyauren da ke bayan Malam, wanda ke shiga cikin gida. A buɗe yake kaɗan. Ta ƙasansa yana hango yatsun ƙafarta da jan lalle.

Ya tattara maganar a ransa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Malam, ubana ne. Ya buɗe baki. Harshensa ya yi nauyi, zauren ya cika masa da fuskokin dattawan ranar farko, da dariyarsu, da sahun masallaci yana darewa gefe da gefe.

"Na ga bakinka na motsi," in ji Malam da murmushi. "Akwai magana ne, ɗana? Hwaɗi, kada ka ji nauyi."

"Babu, Malam," Salisu ya ji muryarsa tana faɗa. "Na gode. Allah shi saka da alheri."

Yatsun ƙafar suka ɗan jima a wurin. Sannan suka janye, aka turo ƙyauren a hankali har ya rufe.